Notin da ba a sa wa fin ba: abin da ya faru da wata Boxer bayan sauya tayar baya

Babur ɗin Bajaj Boxer ne mai lamba 100, irin wanda ya cika ƙauyukanmu, kuma a bayan a-kori-kura aka kawo shi rumfata da yammacin wata Juma'a, ranar da kasuwar Wudil ke ci. Tayarsa ta baya sabuwa ce fil, ko 'yan gashin roban nan na jikinta ba su kakkaɓe ba, amma ta ƙi juyawa. Sandar birki ta nannaɗe a jikin shaf, faifan birki ya juya ya bar mazauninsa, ɗan hannun da ke jan birkin ya lanƙwashe. Mai babur ɗin saurayi ne ɗan shekara 20 da 'yan kai, yana ɗingishi, gwiwarsa ta dama a ƙuje, ga ƙunar salansa a ƙwaurinsa. Abin da ya fara ce mini shi ne: "Oga, wallahi ɗazun nan aka sa mini tayar."

Gaskiya ya faɗa. Daga sa tayar zuwa faɗuwarsa, tafiyar da ya yi a kan babur ɗin ba ta cika awa ɗaya ba. Tayar ba ta da laifi, tub ɗin lafiyarsa ƙalau. Ɓarnar duk wajen mayar da wili aka yi ta. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta lamarin daki-daki, don mu nan mun ɗauki sauya taya aikin roba da iska ne kawai, alhali a tayar baya sai an taɓa birki an taɓa sarƙa kafin a gama.

Sana'ar saurayin dako ce. Yana ɗauko buhunan gero da dawa daga ƙauyuka ya kawo kasuwa, wani lokaci awaki a kwando, ya koma da fasinja. Tun da gwamnatin Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur cikin birni a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, irin wannan aiki na ƙauye da garuruwan kasuwa shi ne abin da masu babur da yawa suka riƙe. Boxer kuwa, wadda kamfanin Bajaj na garin Pune a Indiya ke ƙerawa, ta samu karɓuwa ne saboda doguwar kujerarta da juriyar kaya da sauƙin kayan gyara. Tayar baya ita ke shan wahalar wannan aiki: ita ke ɗauke da nauyi, ita ke tura babur, ita ke cin birki. Tasa ta cinye har zare ya fara leƙowa, tub ɗin kuma faci a kan faci. Ya tara kuɗi ya sayi sabuwa mai lamba 3.00-17, wato faɗin inci 3 a kan rim mai inci 17, daidai da wadda babur ɗin ya zo da ita, ya haɗa da sabon tub. Har nan bai yi kuskure ba.

Ya kai wa wani mai faci a bakin titi wajen ƙarfe 12 na rana. Ranar kasuwa ce, ga layin babura, ga tayar babbar mota da maigidan ke fama da ita, ga lokacin masallaci na matsowa. Sai maigidan ya ce wa yaronsa, wanda bai wuce shekara 14 ba, ya ciro wilin.

Ga wanda bai taɓa kwance bayan Boxer ba, ga yadda abin yake. Wilin na zaune tsakanin hannaye biyu na fok ɗin baya, shaf ya ratsa tsakiyarsa ya riƙe shi. A hagu sarƙa take cikin kes ɗinta. A dama birki yake, irin na cikin hob, wato gangar tsakiyar wili, inda lainin guda biyu ke buɗewa su matse bangon hob daga ciki. Lainin ɗin a jikin wani faifai suke, faifan kuwa ba a ɗaure yake da wili ba, shaf ne kawai ya ratsa shi. To me ke hana shi bin taya idan an taka birki? Wata 'yar sanda ce ta ƙarfe da ta taso daga jikin fok ta zo ta kama faifan da bolt ɗaya da noti ɗaya. Duk ƙarfin tsayar da babur da direba da buhu biyu na gero, ta wannan bolt ɗin yake bi. Don haka ne kamfani ya huda bakin bolt ɗin ya sa masa fin mai ƙafa biyu, wanda ake ware ƙafafunsa bayan an ɗaure notin, ko da notin ya saki kada ya fita.

Akwai kuma wata dabara da aka yi wa babur ɗin wadda ke rage aiki ga wanda ya san ta. A gefen sarƙa notuna biyu ne a jere. Na waje shi ne na shaf. Na ciki, babban, shi ke riƙe da gidan sufaket, wato ƙarfe mai haƙora da sarƙa ke hawa, a jikin fok. In taya kawai za ka sauya, na waje kaɗai za ka kwance. Ka zare shaf, bushin ɗin da ke tsakanin faifan birki da fok ya faɗo, sai ka ja wilin dama ya rabu da sufaket, ka ɗan karkata babur ka zaro shi. Sarƙa na nan inda take, saitinta bai motsa ba. Baburan da aka ƙera a kan tsarin Honda CG125 ba haka suke ba: sufaket ɗinsu a manne yake da hob, dole ka sassauta sarƙa ka sauke ta kafin wili ya fita. Yaron da hannunsa ya saba da waɗancan, in ya zo kan Boxer sai ya kwance duk notin da idonsa ya gani.

Haka wannan yaron ya yi, kamar yadda ya gaya mini daga baya da bakinsa, kuma abin da na gani a jikin babur ɗin ya gaskata shi. Ya kafe babur a kan babban jak, ya kwance notin sandar birki, ya zo kan fin ɗin sandar da ke riƙe faifai. Fin ɗin ya yi tsatsa, yana jan sa da filaya ƙafa ɗaya ta karye, ya yar da shi cikin yashi. Ya kwance notin shaf, ya kwance babban notin, ya sassauta ajasta biyun da ke jan sarƙa don ya ga kamar wilin zai fi saurin fita. Ya ciro ya miƙa wa maigidansa.

A nan dole in yi wa maigidan adalci, domin na buɗe tayar da kaina na duba, kuma aikinsa mai kyau ne. Robar da ke rufe kawunan sifok a cikin rim tana nan a shimfiɗe, ba kan sifok ko ɗaya da ya leƙo zai soki tub. Ba alamar cizon liba, ƙarfen ɓamɓarar taya, a jikin tub ɗin, wanda ke nuna ya ɗan hura masa iska kafin ya cusa shi, kuma bai zurfafa ƙarfe ba wajen mayar da bakin taya na ƙarshe. Bawul a miƙe yake cak, bai karkata ba, bai kuma ɗaure ɗan notinsa tamau a jikin rim ba, wanda in an yi haka kuma taya ta ɗan zame, gindin bawul ne ke yagewa. Kibiyar da ke jikin tayar tana kallon inda wili ke juyawa. Siririn layin nan da ke zagaye bakin taya ya fito daidai da gefen rim ko'ina, babu inda ya nutse. Wannan hannun wanda ya daɗe a sana'a ne. Da shi ya mayar da wilin, da babur ɗin bai zo rumfata ba.

Amma bai mayar ba. Ya miƙa wa yaron ya koma kan tayar babbar mota. Mai babur kuma yana tsaye a kan yaron: "Kai, yi sauri mana, mai kaya na jirana, ga shi an kusa tada salla."

Mayar da wilin Boxer yana da wani wuri ɗaya mai cin rai. A cikin hob ta gefen sufaket akwai robobin damfa, waɗanda haƙoran gidan sufaket ke shiga tsakaninsu don su shanye fizgar sarƙa. In sun tsufa sai su riƙa zubowa duk sanda ka ɗaga wilin. Kana riƙe da wili da hannu ɗaya, kana tare roba da ɗayan, faifan birki na neman zamewa, bushin na jiran a cusa shi, ga shaf ya ƙi samun rami. Kafin ya shiga wannan fama, yaron ya ɗora sandar faifai a kan bolt ɗinta ya murɗa notin da yatsu, da nufin in ya gama ya dawo da sifana. Da ya samu shaf ya shiga, hankalinsa ya koma kan sarƙar da ya sassauta. Ya ja ajasta da ido har sai da sarƙar ta daina lilo, ya ɗaure manyan notuna, ya mayar da sandar birki, ya taka feda ya ga taya ta tsaya. A ganinsa aiki ya kammala. Kuma duk wanda ya gwada birkin a wannan lokacin zai ce lafiya lau, don notin na nan a wurinsa, ɗaurewa ce kawai babu.

Bayan an sauko daga masallaci mai babur ya tafi ƙauye ya ɗauro buhu biyu. Hanyar burji ce mai ƙunya-ƙunya, irin wadda ke karkaɗa babur tun daga taya har haƙoran direba. Kowace girgiza na ɗan juya notin, kowane taka birki na fizgar bolt ɗin gaba ya sake shi. Ya ce mini tun a hanyar dawowa ya fara jin wani "ƙwas" daga baya duk sanda ya taka birki, ya ɗauka kaya ne ke bugun kariya. Wannan ƙarar ita ce faifan ke wasa a kan bolt da ya saki. Da ya tsaya a nan ya duba, da aikin minti ɗaya ne.

Daf da hawa kwalta wani mai keke ya yanko masa, ya taka birki da ƙarfi. Zuwa lokacin notin ya riga ya faɗi, sandar ta zame daga bolt. Lainin suka kama hob, faifan da ba abin da ke riƙe da shi ya bi taya ya juya, ya ja ɗan hannun birki, hannun ya ja doguwar sandar da ke zuwa feda ya naɗe ta a jikin shaf. Tana naɗuwa tana ƙara matse birkin, har taya ta ƙame. Feda ta suɓuce daga ƙarƙashin ƙafarsa, bayan babur ya yi gefe, nauyin buhunan ya ƙarasa kayar da shi. Wani lokacin ba haka take ƙarewa ba: sandar ce ke tsinkewa, mutum ya taka ya ji wayam, babu birki sam. Shi Allah ya taƙaita, kaya da yashi sun sa ba gudu yake ba, kuma ba mota a bayansa.

Wani abu da ya dame ni ƙwarai: da na matsa birkinsa na gaba, sai da hannun ya taɓa roba bai kama ba. Na tambaye shi, ya ce ai shi ba ya amfani da shi, wai yana kayar da mutum. Wannan magana ta yi yawa a bakin masu baburanmu, wasu har da gangan suke sassauta shi. A kan yashi, gaskiya ne, birkin gaba na son lallaɓawa. Amma a kan ƙasa mai ƙarfi shi ne ya fi tsayar da babur, domin nauyi gaba yake komawa idan ana tsayawa. Wanda ya kashe shi ya jingina ransa kacokan a kan bolt ɗaya da noti ɗaya da ke bayansa, inda ko ganinsu ba ya yi.

Sai da muka yanke sandar birkin kafin shaf ya fita. Lainin ɗaya ya tsage, ɗan hannun ya lanƙwashe, sifirin ɗin fitilar birki ya miƙe. Faifan kansa ya tsira, ramin bolt ɗin bai fashe ba. Na sa yatsa cikin boris na juya, suna tafiya sumul ba gargada, bushin ma yana nan, wanda na yi hamdala a kai, domin yara kan manta da shi a ƙasa, a ɗaure shaf fok ya matse, hob ya riƙa gugar faifai. Ƙurar cikin hob da tsumma mai ɗanshi na share ta. Ba na bari a hura ta da injin iska a rumfata, don wasu lainin na ɗauke da sinadarin asbestos mai lahani ga huhu, kuma yaran da ke durƙushe a wurin su ke shaƙa.

Da na buɗe murfin kes na taɓa sarƙa, sai na same ta a ɗame kamar tsirkiyar baka. Wannan ita ce ɓarna ta biyu, wadda da birkin bai riga ta ba, da ita ma ta nuna kanta cikin 'yan makonni. Sarƙar babur irin wannan tana son wasa na milimita 20 zuwa 30 sama da ƙasa a tsakiyarta. Dalili kuwa, idan aka ɗora kaya shokozoba ya nutse, fok na ɗagawa, nisan da ke tsakanin sufaket na gaba da na baya ya ƙaru. Sarƙar da ba ta da wasa tun babur na wofi, in ta ji buhu biyu sai ta riƙa jan shaf ɗin giya, ta ci boris ɗinsa, ta sa sil ya fara yoyon mai, ita kanta ta miƙe kafin lokacinta. Ga shi kuma ajasta biyun ba su daidaita ba. A jikin fok akwai 'yan zane-zane a kowane gefe don a gwada, na hagu ya wuce na dama da zane guda cur. Wilin a karkace yake, sabuwar taya za ta cinye ta gefe ɗaya, sarƙa ta riƙa cin gefen haƙoran sufaket.

Wajen mayarwa ba wani sirri, bin tsari ne. Na sa sabbin robobin damfa, tunda tsofaffin sun yi laushi har wili na wasa gaba da baya. Na goge shaf na shafa masa giris kaɗan, ina kiyaye kada ko ɗigo ya taɓa lainin ko bangon hob. Wili ya shiga, bushin ya shiga, shaf ya ratsa, aka sa notuna ba a ɗaure ba. Aka ɗora sandar faifai. Sannan na juya taya a hankali ina taɓa sarƙa har na samu inda ta fi ɗamewa, domin tsohuwar sarƙa ba ta miƙewa daidai ko'ina, a wannan wurin ake saiti. Na daidaita ajasta zane da zane, na koma baya na tsuguna na hango tayar baya da ta gaba a layi ɗaya. Aka ɗaure babban noti. Na sa yarona ya taka birki ya riƙe, na ɗaure notin shaf a haka, don lainin su zauna a tsakiyar hob su kama gaba ɗaya. Na sake duba sarƙa, saboda ɗaure shaf kan ɗan ja ta. Daga nan notin sandar faifai da sifana, da sabon fin, na ware ƙafafunsa. Fin ba a maimaita shi, in an lanƙwasa an miƙe sau ɗaya ya gama aiki, kuma ƙusa ko guntuwar waya da ake cusawa a madadinsa ba su kai shi ba. Ƙarshe saitin feda, ta ɗan nutsa kafin ta kama, taya kuma ta juya ba guga in an sake ta, fitilar birki ta kama a kan lokaci. Na gyara masa birkin gaba ma, na ce ko bai so ba.

Iska kuma da na sa geji ta haura 45 a ma'aunin iska na PSI. Mai babur ne ya ce a cika masa ita ta yi tauri saboda kaya, mai facin kuma ya gwada da babban yatsa. Ƙananan baburan Bajaj ana ba tayarsu ta baya 28 ne in mutum ɗaya ne, 32 in da goyo. Na san mai dakon buhu ba zai tsaya a 32 ba, kuma tayar da ba ta da isasshiyar iska a ƙarƙashin kaya zafi take yi ta lalace. Amma wadda aka cika fiye da kima ɗan tsakiyarta kaɗai ke taɓa ƙasa, ga tsalle a kan burji, kuma wannan tsallen na cikin abin da ya gaggauta kwance notin. Na rage masa.

Washegari muka je wurin mai facin tare. Dattijo ne, ya girme ni, mun san juna. Na ajiye masa yankakkiyar sandar a gabansa na ce, "Yaya, ga aikin jiya." Ya juya ta a hannu, ya dubi ƙafar saurayin, ya yi salati. Bai yi musu ba ko kaɗan. Ya ƙwala wa yaron kira, na ga ya kai hannu ga wani guntun tiyo, na riƙe shi. Na ce, "Yaya, wa ya taɓa nuna masa abin da sandar faifai ke yi?" Ya yi shiru. Yaron kuwa ido ya cika da ƙwalla, ya ce, "Oga, na ɗauka ta riƙe faifan ne kawai kada ya yi ƙara."

A ganina nauyin a kan maigidan yake. An koya wa yaron yadda ake kwancewa, ba a koya masa dalilin kowane ƙarfe ba, kuma an bar babur ya bar wurin ba tare da babba ya ɗora sifana a kan notuna uku ba: na shaf, na gidan sufaket, na sandar faifai. Ko layi ya kai ina, wannan dubawar ba ta cin lokacin da za a ce babu shi. Mai babur ma yana da nasa kason. Ya tsaya a kan yaro yana azalzalarsa, ya hau bai zagaya ya duba ba, ya ji ƙara bai tsaya ba, ya kashe birkin gaba da hannunsa. Na faɗa masa haka a gaban dattijon, bai ji daɗi ba, amma bai musa ba.

Dattijon ya biya kuɗin sandar birki da lainin da ɗan hannun, ya ƙara da na maganin ƙuna. Robobin damfa mai babur ya biya, tunda tsufa suka yi. Inda suka saɓa shi ne taya: jan da ta yi a ƙasa lokacin da ta ƙame ya cinye mata wuri guda, saurayin ya ce a sake masa sabuwa, dattijon ya ce ba shi da halin haka. Na duba wurin, cin bai kai zare ba, za ta yi aiki, sai dai zai riƙa jin ɗan bugu a kan kwalta har ta daidaita. Aka tsaya a kan dattijon zai yi masa faci kyauta muddin tayar na jikin babur ɗin. Yaron kuma ya zo rumfata da yamma, na sa shi ya cire wilin wata Boxer ya mayar a gabana, ba tare da ya taɓa babban notin ba. Bayan mako guda saurayin ya dawo kamar yadda na ce masa, na duba notuna suna nan daram, na ɗan ƙara jan birki saboda sabbin lainin sun zauna.